Gyambon kwanciya a ICU, ido kaɗai ba ya gano shi

Wallahi abin da ya fi ci min rai a aikin jinya shi ne a sha wahala a kan mara lafiya, zuciya ta daidaita, huhu ya warware, a cire shi daga injin numfashi kowa na murna, sai a juya shi a tarar da rami a ƙasan bayansa wanda za a yi watanni ana wankewa. Gyambon kwanciya kenan, kuma yawancinsa ana iya hana shi tun bai fara ba.

Mai lafiya ko barci yake yi jikinsa na juyawa da kansa in gefe ɗaya ya gaji. Shi kuwa na ICU, wato sashen kula da masu tsananin rashin lafiya, an ba shi maganin barci, ba ya jin zafin balle ya ce a gyara masa kwanciya, ga maganin da ake sa masa in jininsa ya yi ƙasa irin su noradrenaline yana matse ƙananan hanyoyin jini na fata, ga kumburi, ga zufa da gudawa suna jiƙa wurin, to in ƙashi ya danne naman nan a kan katifa na wasu awanni shi kenan naman ya fara mutuwa tun daga ciki.

Akwai ma'aunin Braden na auna haɗarin samun gyambon kwanciya da aka fitar a 1987, maki 6 zuwa 23, in makin ya yi ƙasa haɗarin ya yi yawa. Yana da amfani, amma gaskiya kusan duk wanda ke kan injin numfashi yana cikin haɗari, cike takarda ba zai juya shi ba.

Inda nake so 'yan uwana nas-nas mu tsaya shi ne nan. An koya mana matakin farko ja ne da ba ya gushewa in an danna da yatsa. To a baƙar fata ina za ka ga jan? Sai dai ka sa hannu. Ka taɓa dunduniya, ƙasan baya, kwatangwalo, ƙeya, ka ji ko wurin ya fi gefensa zafi ko sanyi, ko ya yi tauri, ko launinsa ya ƙara duhu. Kuma don Allah a kunna fitila mai kyau ko da dare ne.

Juyawa duk awa 2 shi ne abin da aka saba, a karkata shi kamar digiri 30 da filo a bayansa, kar a ɗora shi dirshan a kan kwatangwalo. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa dunduniya ta tashi daga katifa gaba ɗaya. A ɗaga shi da zanin gado, kar a ja shi, jan nan yana yaga nama ta ciki. Wurin da ya fara canza launi kar a murza shi da sunan tausa, ƙara ɓata shi ake yi.

Sai kuma kayan aikinmu da kansu. Robar hanci ta abinci, igiyar da ke riƙe bututun numfashi a gefen baki, igiyar iskar oksijin a bayan kunne, ɗan maƙalin nan na yatsa mai auna oksijin, robar fitsari da ta maƙale ƙarƙashin cinya ba wanda ya lura. A 2020 lokacin korona da ake kifa marasa lafiya rub da ciki an ga gyambo a goshi da kumatu da haɓa sosai. Duk lokacin karɓar aiki a ɗaga kowace roba a duba ƙarƙashinta, a sauya mata wuri in zai yiwu, sannan a tambaya ko abincin da ake ba shi ta roba yana isarsa, don fatar da ba ta samun furotin ba ta jure danni.