Abin da aikin sola ya koya min game da karatu da sana'a

Duk yaron da ya zo shagonmu koyon aikin sola, daga poli ya fito ko daga gareji, abu na farko da oga yake yi shi ne ya miƙa masa mita yace auna min batirin nan. A nan ake gane kowa. Ɗan makaranta ko cikin barci ka tashe shi zai faɗa maka volt sau amp shi ne watt, amma sai ka ga ya rasa inda zai murɗa mitar, shi kuma yaron gareji kafin ka ƙifta ido ya auna, ka tambaye shi to me lambar take nufi, sai ya sosa ƙeya.

Ni ta hanyar SIWES na shigo harkar, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda ɗalibai muke ce wa aiti. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF da aka kafa a 1971 ita ta ƙirƙiro shi saboda masu masana'antu suna kukan ana yaye musu yaran da hannunsu bai taɓa riƙe sifana ba. Tsarin mai kyau ne wallahi, sai dai da yawa daga cikinmu littafin rubuta aikin da aka yi kawai ake kaiwa a buga hatimi a dawo gida. Ni dai Allah ya haɗa ni da ogan da ba ya sa hannu sai ka hau rufi.

Abin da na fahimta shi ne lissafin da muke rainawa a aji shi ke raba mai gyara da mai ɓarna. Alhaji zai zo yace yana son firij da talabijin da fanka uku su kwana a kunne da batir ɗaya mai 200Ah, 12V. A takarda 200 sau 12, wutar da yake ajiyewa watt-awa 2,400 ke nan, amma in batirin ruwa ne kuma kana so ya yi ƙarko rabi kawai za ka ci, 1,200, fankar sama kuwa tana jan wajen watt 75, uku sun tashi 225, kaga awa biyar da ɗan wani abu wuta ta ɗauke ba a ma zo kan firij ba. Wanda bai iya wannan ba zai karɓi kuɗi ya haɗa, in batir ya mutu mai gida ya shiga gari yana cewa sola yaudara ce. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a Kano ya zama injiniyan sola, rabin aikin da muke samu yanzu gyaran ɓarnar wasu ne.

Amma fa akwai abin da allo ba zai ba ka ba. Yadda siririyar waya take ɗaukar zafi a hannunka, yadda ƙurar hunturu take rufe fanel wuta ta ragu mai gida ya kira yana faɗa alhali goge shi kawai za a yi, yadda za ka shiga Sabon Gari ka bambance kaya mai kyau da jabu ta nauyi kawai, da yadda za ka ce wa dattijo ranka ya daɗe kuɗin nan ba za su isa ba ba tare da ya ji ka raina shi ba. Wannan na ƙarshen ma ya fi wayarin wuya.

Shi ya sa nake dariya in na ji an ce an horar da matasa sana'a cikin sati biyu an raba musu kayan aiki. Ana gama ɗaukar hoto wasu kayan kasuwa suke nufa. Je ka marinar Kofar Mata ko wajen 'yan takalma a Kofar Wambai, ko masu gyaran waya a Farm Centre, ko kanikawan Kofar Ruwa ka tambaya waye ya ƙware a sati biyu. Ko tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku-uku a sakandare, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982 niyyarsa ke nan, a koya wa yaro aikin hannu tun ƙaramar sakandare, amma a makarantarmu a littafi muka zana zarto da guduma, injinan suna kulle a ɗaki babu wuta babu malami.

Ba wai koyo a wajen oga ba shi da nasa aibin ba. Akwai ogan da zai riƙe yaro shekaru yana aikensa siyo shayi da biredi, ya ɓoye masa sirrin aiki don kar ya buɗe nasa shagon, kuma a ƙarshe ba shi da wata takarda da kamfani zai duba. Ga jarrabawar NABTEB nan mai ba da takardar shaidar sana'a, yawancin yaran ba su ma san za su iya zama su rubuta ba.

Yanzu da ni ma nake da yara a ƙarƙashina, ranar Asabar da safe kafin a fita aiki biro da takarda muke ɗauka. Wanda ya samu firamare mai kyau nan da nan yake kama lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan gida suke ja. Wanda aka ciro daga aji bai iya sau da rabawa ba da sunan a kai shi sana'a tunda boko ta ƙi, shi ne muke shan wahala da shi, hannunsa ya fi na kowa kyau a wayarin amma har yau ba na iya tura shi gidan kwastoma shi kaɗai ya yanke farashi.