Yadda Namun Daji Suka Sami Suna a Harshen Afrikaans

Lokacin da Jan van Riebeeck ya sauka a gaɓar Cape, a ƙarshen kudancin Afirka, a 1652 domin kafa wa kamfanin fataucin Holan zangon jiragen ruwa, mutanensa sun tarar da namun dajin da kakanninsu ba su taɓa gani ba, balle su raɗa musu suna. Sai suka riƙa laluben dabbar Turai da ta yi kama da kowace, ko da kamar ta nesa ce, su laƙaba mata sunanta. Afrikaans, wanda ya tsiro daga Holancin waɗannan baƙi kuma ya zama harshen hukuma a Afirka ta Kudu a 1925, ya gaji wannan raɗin suna har da kurakuransa.

Damisa sun daɗe suna kiranta "tier", sunan damisar Asiya mai ratsi-ratsi wadda babu ita a Afirka, kuma daga nan tsaunin Tygerberg da ke kusa da birnin Cape Town ya sami sunansa. Kura ta zama "wolf", kyarkecin Turai. "Gemsbok" kuwa, wata babbar dabba dangin barewa mai dogayen ƙaho, wadda ke kiwo a busasshiyar Kalahari, an ara mata sunan wata dabba mai kama da akuya da ke hawan tsaunukan Alps.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda alade ya cika musu ido. Dabgi "erdvark" ne, aladen ƙasa; beguwa "ystervark", aladen ƙarfe; bushiya ma, saboda yadda take dunƙulewa, "krimpvarkie" ce, ɗan alade mai tsukewa. A cikinsu duka babu mai dangantaka da alade, in ban da gadu, wanda suke kira "vlakvark". Amma ba zan yi saurin yi musu ba'a ba, domin dabbar da suka kira "kameelperd", raƙumi da doki a haɗe, mu ma raƙumin dawa muka ce mata, alhali ba raƙumi ba ce.

Inda idon Bature ya kasa, sai aka ari na masu ƙasa, wato Khoikhoi, makiyayan da baƙin suka tarar. Daga bakinsu aka sami "gogga", ƙwaro, da "geitjie", tsaka, da "kwagga", wani jakin dawa mai ratsi a rabin jikinsa na gaba kawai, wanda sunansa kwaikwayon kukansa ne. Mafarauta sun ƙarar da shi, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Amsterdam a 1883. Su kansu Khoikhoi na Cape annobar agana ta 1713 da ƙwacen makiyaya sun tarwatsa su, sannu a hankali jikokinsu suka bar harshen suka koma Afrikaans, wanda yake ɗauke da waɗannan kalmomi har yau.