Ranar da ka zo wa maigida da mummunan labari

Idan wani ƙanina ya ce min ya samu aiki, ba albashi nake fara tambaya ba. Abin da nake so in sani shi ne, a wurin nan, ranar da kaya suka lalace ko lissafi bai cika ba, wa ake gaya wa, kuma da wace fuska yake karɓa? Albashi sau ɗaya ake ganinsa a wata. Fuskar maigida kuwa kullum ce, kuma ita ke bin mutum har gida.

A Kantin Kwari na fara sanin aiki, ina yaron shago a wurin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda. Ba takarda tsakaninmu. Kawuna ne ya kai ni, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan," shi ke nan an ɗauke ni. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, amma a layinmu tambayar takarda rashin kunya ce. Da yamma Alhaji zai miƙo kuɗin mota, da azumi a ba ka hatsi, da salla a yanka maka yadi. Abin da kowane yaro ke jira shi ne ranar da za a sallame shi, a ba shi jari ko a kama masa wuri. Ranar kuwa ba ta da kwanan wata, tana cikin zuciyar maigida.

Wata rana babban yaronmu ya ba wani baƙon ciniki dila guda bashi, don mutumin ya saba zuwa yana biya. Sai aka neme shi aka rasa, wayarsa a kashe. Da la'asar yaron ya durƙusa gefen buzun Alhaji, ya cire hula, ya faɗa. Mu duk muka yi kamar muna jera turame, kunnuwanmu na can. Alhaji ya ɗan yi shiru, ya ce, "Nawa ne?" Aka faɗa masa. Ya ce, "Wa ya san gidansa?" Aka ce akwai dillalin da ya fara kawo shi. Ya ce, "Gobe ku je tare. Daga yau bashin da ya kai dila, a tambaye ni." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Shagon da ke kallon namu ba haka yake ba. Maigidansu ba mugu ba ne, ya ma fi namu sakin hannu, amma idan aka yi kuskure sai ya tara wa yaro jama'a, ya ambaci uwarsa da ubansa a gaban masu ciniki. To yaransa suka koyi abin da ya koya musu. Idan kuɗi ya yi giɓi ba mai faɗa, sai a ɗebi cinikin yau a cike na jiya, na gobe a cike na yau. Lokacin da ya zauna yin lissafin zakka ya ga ramin, ya riga ya yi zurfi, kuma ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya fara. Mutanen layi suka ce yaransa ba su da amana. Ni a ganina tsoro ne ya riga amanar zama a shagon. Da ma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kada in yi wa kasuwa ado fiye da kima. Wanda aka ce maka ubanka ne ba ka iya ce masa a'a. An rufe shago, amma za ka kai Hajiya gidan biki, ka ɗauko yara daga Islamiyya, ka biya ta 'Yankaba ka yi cefane. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagon da ka sani. Kuma na ga wanda ya shekara da shekaru yana bauta, Alhajinsa ya rasu kafin ya sallame shi, magada suka ce ba su ga komai a rubuce ba. Gaskiya suka faɗa.

Da na gama karatu na samu aiki a wata ma'aikata ta jiha, sai na tarar da wata duniya dabam. Nan komai takarda ne. Mai digiri a mataki na 8 yake shiga, ya san lokacin da ƙarin girma ya kamata ya zo, ya san zai ajiye aiki in ya kai shekara 60 ko ya cika 35 yana aiki. Ba mai zaginka. Darakta na iya jin haushinka, iyakarta ya ba ka takardar tuhuma ko a mayar da kai wani sashe, amma ba zai hana 'ya'yanka cin abinci ba. Mace ta haihu ta tafi hutunta ta dawo ta sami kujerarta. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin ikon mutum ɗaya ba ba zai san darajar wannan ba.

Sai dai mummunan labari a nan ba a faɗarsa da baki. A fayil ake rubutawa, masinja ya kai sama, a rubuta "a duba" a sauko da shi, na ƙasa ya rubuta "an duba" ya mayar. Kowa ya sa hannu, ba wanda ya ɗauki nauyi. Sabon ma'aikaci zai zo da zafinsa, ya lura injin janareta na shan mai fiye da ƙima, ya je ya ce, "Yallaɓai, akwai matsala." Sai a yi masa murmushi a ce, "Malam, ka bi a hankali, haka muka tarar." Ba tsawa, ba godiya. Bayan 'yan shekaru za ka same shi ya sa hannu a rajista da safe ya fice neman na cefane, don ko da aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Kano ta sa 71,000, tsadar kaya ta riga ta yi gaba. Jihar Kaduna ta koma aikin kwana 4 a mako a ƙarshen 2021, mutane suka yi ta muhawara. Ni ban ga yawan kwanakin ne ke sanyaya wa ma'aikaci gwiwa ba. Abin da ke kashe shi shi ne ya gane mai yi da mara yi duk ɗaya ne a ƙarshen wata. (Duk da haka kowace ma'aikata tana da wani tsohon akawu da ya san inda kowane fayil yake, wanda in ya yi zazzaɓi aiki ya tsaya. Ba a taɓa ba shi lambar yabo.)

Banki ban yi ba, ƙanwata ce ta yi, kuma a jikinta na karanta shi. Tun bayan garambawul na 2005, da bankuna 89 suka koma 25, gasar tara kuɗin ajiya ta zama ruwan dare. Ita ta hannun wani kamfani aka ɗauke ta, ma'aikaciyar kwantiragi, kaya iri ɗaya da na sauran amma albashi ba ɗaya ba. Kowace Litinin da sassafe za a zauna, manaja ya karanto abin da aka ɗora wa kowa ya kawo da abin da ya kawo, a gaban kowa. Ta koyi zuwa kan lokaci, ta koyi rubuta komai, ta koyi magana da manya ba kame-kame, ba zan hana su wannan ba. Amma tun yammacin Lahadi ba ta cin abincin kirki. In wayarta ta yi ƙara sai ta zabura. A wurin bikin dangi kana gaishe ta tana auna ko kana da kuɗin buɗe asusu. Idan babban mai ajiya ya ce zai kwashe kuɗinsa, ba ta gaya wa manaja sai ta gama roƙonsa a ɓoye, daidai yadda yaran maƙwabcinmu suke yi, sai dai ita a ɗaki mai sanyi.

Daga baya ta ajiye aikin, ta ce ta gaji da rayuwar lamba. Yanzu abaya da mayafai take sayarwa ta Instagram, ta ɗauki 'yan mata biyu suna taya ta ɗaukar hoto da tura kaya. Kwanaki na je gidanta na ji tana ce musu, "Wannan makon kowace sai ta sayar da guda goma, ranar Litinin za mu zauna."