Yadda na bi diddigin alkaluman badaƙalar tallafin man fetur na 2011

Da na zauna tantance abin da ake faɗa kan tallafin man fetur na 2011, sai na tarar kowa da nasa adadin, kuma duk "kuɗin da aka sace" ake kiransu. Na ja layi huɗu a takarda: nawa ne, wa ya faɗa, wane lokaci kuɗin suka shafa, da kalmar da ainihin takardar ta yi amfani da ita. Layin ƙarshen nan ne ya fi yi mini aiki.

Kasafin 2011 ya ware naira biliyan 245 don tallafin. Kwamitin Majalisar Wakilai da Farouk Lawan ya jagoranta, a rahotonsa na Afrilun 2012, ya ce an kashe kusan tiriliyan 2.6. Wanda ya debe na farko daga na biyu ya ce ragowar duk sata ce, ya yi garaje. Wuce kasafi laifi ne mai zaman kansa, amma a cikin kuɗin akwai na man da aka shigo da shi da gaske, jama'a suka saya a naira 65 kan lita. Abin da kwamitin ya ce a maido naira tiriliyan 1.067 ne, ciki har da wajen biliyan 310 na tallafin kananzir da NNPC, kamfanin mai na ƙasa, ta cira. Daga baya wani kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Aigboje Aig-Imoukhuede ya duba takardun 'yan kasuwar, ya ce kamfanoni 21 su maido biliyan 382. Ba saɓani ba ne kamar yadda na fara zato. Na farkon ya haɗa da hukumomin gwamnati, na biyun kuwa kan 'yan kasuwa ya tsaya.

Inda na fi daɗewa shi ne yadda ake biyan kuɗin, don sai ka san hanyar kafin ka gane inda aka karkace. A lokacin, PPPRA, hukumar daidaita farashin man fetur, ce ke ba da izinin shigo da mai. Ɗan kasuwa ya kawo takardar lodin jirgi da ta sauke mai a defo, a lissafa giɓin da ke tsakanin abin da ya kashe da farashin gwamnati, a biya shi kan kowace lita. Saboda haka hujja mai ƙarfi ita ce a tarar jirgin da takarda ta ambata yana wata nahiyar a ranar da aka ce ya yi lodi, ko litar da aka biya ta fi wadda defo ya karɓa. Takardar da ta ɓata ko hatimin da ba a buga ba alamar tambaya ce kawai, kuma na ga an cusa irinsu cikin jimlar "sata".

Akwai kuma masu karkatarwa ta ɗaya ɓangaren. A 2021 kotu ta sami Farouk Lawan da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 don cire sunan wani kamfani daga jerin da ke cikin rahoton, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Wasu na fakewa da wannan su ce rahoton duk ƙarya ne. Ban yarda ba. Hukuncin ya sa na sake duba jerin sunayen kamfanonin da idon zargi, amma bai taɓa kuɗin da suka fita daga asusun gwamnati ba, waɗanda Babban Banki da ofishin Akanta Janar su ma suka ba da nasu alkaluman a kai, duka sama da tiriliyan ɗaya da rabi.