Wasiƙa daga Lima: amsar tambayarku a kan ɗanyen kifi

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga manya da yara, da fatan kowa yana lafiya. Tun ranar da na aika hoton farantin nan na kifi gida, tambaya ɗaya ce take dawo mini daga bakin kowa, har Goggo ta sa an kira ni da asubar can, wato tsakar daren nan Lima, babban birnin ƙasar Peru, domin ta ji daga bakina ko da gaske ɗanyen kifi nake ci. Na yi alkawarin ba ku labarin takardar zama da na sanyi da na masallaci, amma bari in fara da abin da ya fi tsaya muku a rai.

Gaskiya ne, Goggo, wuta ba ta taɓa shi ba. Sunan abincin ceviche, ana furta shi kamar "sebice", kuma shi ne abin alfaharin mutanen Peru, har suka ware masa ranar 28 ga Yuni ta kowace shekara, sannan a Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa al'adar haɗa shi da cin sa cikin jerin al'adun gado na duniya. Inda na fara cin sa wani ɗan gidan abinci ne a unguwar Chorrillos, kusa da inda masunta ke sauke kamunsu, mai kujerun roba da tebura shida ko bakwai, ana jin ƙarar wuƙa a kan katako tun daga bakin ƙofa. Abokin aikina ya kai ni da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ya ce kada mu makara, domin yawancin irin waɗannan gidaje suna rufewa wajen la'asar, kuma ɗan Lima na asali ba ya neman wannan abinci da dare, tunda a ganinsa kifin safe ya tsufa.

Na tsaya a gaban mai haɗawa ina kallo, don zuciyata ba ta kwanta ba. Ya ɗauko farin tsokar kifi daga cikin ƙanƙara, ya yanka ta gutsi-gutsi kamar girman ɗan yatsa, ya zuba a kwano mai sanyi da gishiri da wani barkono mai ƙamshi da zafi irin na attarugu, wanda suke kira ají limo. Daga nan ya shiga matsa ƙananan lemun tsami da hannu, kowanne rabin matsa kawai ya jefar, wai idan aka matse shi har ƙarshe ɗacin ɓawon zai ɓata ruwan. Ya watsa jar albasa da aka yanka siri-siri, ya juya, kuma a kan idona tsokar ta soma rikiɗa daga garai-garai zuwa fari fat, tamkar wadda aka tafasa. Duk aikin bai kai minti biyar ba. An ce a da sai kifin ya yi sa'o'i a jiƙe, gajarta lokacin kuma ana danganta shi da tasirin Japanawa, waɗanda suka fara zuwa ƙasar a 1899 da al'adarsu ta girmama ɗanyen kifi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu ƙarni ko kaɗan. Tsami ne ke fara dukan harshe, zafin barkono ya biyo baya, sai mutum ya kai hannu ga yankan dafaffen dankalin Hausa da ke gefe, zaƙinsa ya kwantar da komai. Akwai kuma dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi da wata soyayyiyar masara mai garas-garas da suke kira cancha. Ruwan da ya rage a ƙasan faranti, fari-fari mai tsami, sunansa leche de tigre, wato madarar damisa, kuma ana kurɓe shi da cokali ba tare da kunya ba. Musulmi dai ya riƙa tambaya, domin wasu wurare suna ɗiga masa giyar pisco idan za a sayar da shi a kofi. Na kora da chicha morada, abin sha na masara mai launin shunayya wanda ba ya bugarwa, ga ido kamar zoɓo.

Ƙanena ya rubuto cewa zai gwada da tarwaɗa, kuma a nan ne nake so a saurare ni da kyau. Lemun tsami yana sauya kamannin tsoka ne kawai, ba ya kashe tsutsa da ƙwayoyin cuta yadda wuta ke yi. Kifin nan na teku ne, daga ruwa mai sanyi da igiyar ruwan teku mai suna Humboldt ke turowa daga kudu, ana kama shi da dare ko da asuba, kuma ba ya rabuwa da ƙanƙara har ya hau faranti. Duk da haka mutanen nan ba su manta da annobar kwalara ta 1991 ba, lokacin da ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a kan cin ɗanyen kifi. Karfasa da tarwaɗar kogi ko tafki, waɗanda suka wuni a tire cikin zafin Afrilu kuma aka ɗauke wuta firiji ya huce, hakkinsu banda ne ko tukunyar farfesu.

Sanyin Lima kuwa ba ya kama da hunturunmu. Daga Yuni zuwa Satumba sama tana rufe da hazo mai laima, ana wani yayyafi siriri da ba ya jiƙa ƙasa sosai amma yana hana wanki bushewa kwana biyu. Masallacin da nake zuwa Juma'a yana unguwar Magdalena del Mar. Batun takardar zama sai wata wasiƙar, domin har yanzu ina kan layi. Duk wanda zai biyo hanya, Goggo, a ba shi yajin ƙuli da daddawa ya taho mini da su.