Yadda muka ɗauko tsohon ogan daga Sabon Gari zuwa ƙauyenmu

Majami'ar da ta ba mu shi a Sabon Garin Kano ta koma kiɗa da na'urar lantarki, shi kuwa an jingine shi a lungu, ƙura ta lulluɓe shi. Ogan ne mai bututu, wato kayan kiɗan majami'a mai aiki da iska, ɗan ƙarami: jerin maɓallai 56, sahun murya huɗu, bututu 224 ke nan, tunda kowane maɓalli yana da nasa a kowane sahu. Tambarin jikinsa ya nuna ƙirar Ingila ne. Dattawan wurin sun ce ta Legas ya shigo, a jirgin ƙasa, kamar sauran kaya masu nauyi tun da layin dogo ya iso Kano a 1911.

Mun jira damina ta ɗauke, saboda hanyar da ta ratse daga titin Sumaila zuwa garinmu ba ta biyuwa da ruwa. Kafin a taɓa komai na sa aka ɗauki hoton cikinsa da waya, kowane bututu aka manna masa lamba. Na ƙarfen gamin kuza ne da dalma, laushi gare su, riƙo da ƙarfi kaɗai ya isa ya lotsa su, kuma in bakin bututu ya lotse muryarsa ta tafi. Kwance muka jera su a akwatuna, da tsumma tsakani. Direban ya so a ɗaure dogayen da igiya a gefen mota, na ce sam.

Aikin gaske yana wajen iska. Ogan ba ya kuka sai an tara masa iska a ma'aji, kamar dai zuga-zugin maƙeri, ana danna maɓalli ƙofa ta buɗe ta shiga bututu. Fatar ma'ajin ta bushe ta tsattsage, zanzaro ya yi gini a cikin bututu da dama. Wani tsohon baduku a kasuwarmu ya shafa tsohuwar fatar, ya ce, "Malam, wannan ta tunkiya ce, ka bar mini." Ya fefe sabuwa har ta yi sirantakar da ake so. Da dafaffen manne na fata muka liƙa ta, don shi ruwan zafi yana sakinsa in gyara ya sake tasowa. Mannen kanti in ya kama, sai dai a fasa katakon.

Abin da ya fi ba mu wuya hunturu ne. An ƙera ogan ɗin don ƙasa mai laima, nan kuwa a Janairu katako tsukewa yake, iska ta riƙa zurarewa, har wani bututu ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi. Yanzu kwanon ruwa ba ya rabuwa da cikinsa har bazara ta wuce. Mun ɗora ogan ɗin a kan dakalin siminti saboda gara.

Zafi kuma yana ɗaga muryar bututu, ga rufinmu na kwano ne. Shi ya sa nake daidaita shi da hantsi, daidai lokacin sujada.

Wasu sun ce kuɗin motar da an sayi janareta da shi. Ban ga laifinsu ba, amma garin da wuta ba ta zuwa, kayan kiɗan da yaro ɗaya zai zuga da hannu ya fi mana amfani. Zumuntar mata ba su ajiye tulunsu da gangarsu ba, kuma ba wanda ya ce su ajiye. 'Yan mata biyu da saurayi ɗaya ne ke koyo a wurina ranar Asabar da yamma.