Kare mai takunkumi a tashar bas

Yau da safe a wata tashar bas da ke Manchesta, wata dattijuwa ta zauna kusa da ni riƙe da igiyar ƙaton kare irin wanda ake kira XL Bully, bakinsa ɗaure da takunkumi. Yana kwance lamo, ya ɗora haɓarsa a kan takalminta, amma kowa sai ja da baya yake yi, domin faɗin ƙirjinsa kaɗai abin tsoro ne. Ta dube ni ta ce, "Wannan ko kyanwa tsoronta yake ji."

Tun 1991 doka ta haramta irin karen da ake kira pit bull a Birtaniya, kuma daga Fabrairun 2024 ba a mallakar XL Bully a Ingila sai da takardar izini, bayan hare-haren da aka rasa rayuka a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne siffar kare da awon jikinsa dokar take dubawa, alhali hali ne yake sa cizo; Holan ta kafa irin wannan haramci a 1993, ta soke shi a 2008. Duk da haka, ranar da kare mai wannan ƙarfi ya cafki yaro, shaidar mai shi ba za ta yi amfani ba. Na tausaya wa dattijuwar ƙwarai, amma ba zan so a cire takunkumin ba.